Muryar Sanƙira a Cikin Gora

Daren jiya wani mafarki ya yi awon gaba da ni, kuma tun da nake ban taɓa yin mafarkin da ya raina mini wayo irinsa ba. Amma bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai, don kada a ce tuwon dare ne ya yi mini yawa.

Suwaiba 'yar yayana ce, marigayi Haladu. Tana rarrafe ya rasu, uwarta ta bi shi ba da jimawa ba, aka miƙo mini ita. A hannuna ta yi haƙori, a hannuna ta yi sauka, a hannuna ta je jami'a ta ɓata shekaru tana karanta halin namun daji, abin da kowane maharbi ya sani ba tare da ya sayi biro ba. Yanzu ta sami miji, wani Nafi'u, dogo siriri mai yawan murmushi ba dalili. Ban ƙi shi ba. Abin da na ƙi shi ne tsarin da ta zo mini da shi jiya da yamma. Wai ƙaramin ɗaurin aure take so, a gandun dajin gwamnati inda suka haɗu, a gindin bishiya, da mutanen da ba su cika tabarma ɗaya ba. Ba kanofi, ba lasifika, ba maroƙa. Kuma wai ita ma za ta zauna a wurin ta ji da kunnenta. Amarya a wurin ɗaurin aure! Ni Tanimu, da na aurar da 'ya'yana mata aka rufe titi, har yau ana zancen a unguwa? Na ce mata in dai a daji ne, to ta nemi waliyyi a cikin birai, ni ba da ni ba. Ta ɗauki kwanon da na ci abinci ta fita. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a saman wata tirela na nufi gandun dajin, kuma na kwaso unguwarmu kakaf. Na kwaso kanofi, da kujerun roba, da janareta, da tukwanen shinkafa suna tafasa a kan murhunsu, da mutanen da ban san sunansu ba amma na san ba a biki sai da su. A gefena Bawale sanƙira ne zaune, mutumin da ya yi shelar duk wani aure da na taɓa bayarwa, mai muryar da in ya ce "jama'a" kajin maƙwabta sukan fasa yin ƙwai. Tirelar ba ta da direba, kuma da baya take tafiya, amma hanya tana raguwa. Na ce a raina, yau yarinyar nan za ta ga yadda manya suke yin abu.

A bakin ƙofar gandu wata jimina ce take gadi, da kakin ma'aikata da hula a karkace. Ta zuro wuya har cikin tirela.

"Biki ne?"

"Biki ne," na ce. "Na mutane."

"Ƙarami aka ce mana. Sai an tankaɗe ku."

Aka kawo wata rariya mai faɗin filin Idi, aka juye mu a ciki, mu da kujeru da tukwane. Jimina tana girgizawa tana yi wa kowa tambaya ɗaya: ya sunan amarya? Wani ya ce Hajiya. Wani ya ce shi ai ɓangaren ango yake. Aka ce to ya sunan ango, ya ce Alhaji. Wani tsohon kansila ya ce a ba shi lasifika tukuna, ba ya magana haka kawai. Duk wanda ya kasa sai ya zurare ta ƙasa, ya dira a zaune kan kujerar roba da farantin shinkafa a hannu, ya ci gaba da ci ko ɗagowa bai yi ba. Na leƙa ta hudar rariya na hango unguwarmu gaba ɗaya tana cin biki a ƙarƙashin ƙasa, ba amarya ba ango, kuma ban ga wanda ya lura da rashinsu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wasunsu ni na saya musu hular da take kansu.

Da aka gama tankaɗe, abin da ya rage a rariya ni ne, da matata Lantana, da limamin unguwarmu, da wasu dattawa biyu daga dangin ango, sai Bawale, wanda sanin sunan amarya sana'arsa ce.

"Akwai bindiga?" in ji jimina. "Tarko? Wuta? Ƙara?"

Bawale ya ga mai kaki, kuma shi bai iya ganin mai kaki ya yi shiru ba. Ya gyara tsayuwa ya cika ƙirji zai fara yi mata kirari. Kafin ya kai ga sunan kakanta ta zura baki cikin maƙogwaronsa ta zaro muryar, doguwa jiƙaƙƙiya, tana mutsu-mutsu. Ta cusa ta a gora, ta toshe da totuwa, ta rataye a ƙusa.

"A karɓa a hanyar fita."

Na ce mata wannan zalunci ne, mutum da kayan aikinsa. Ta ce giwaye na barcin rana. Muka wuce muka bar gorar tana ta gunji a jikin ƙusa.

Sai ga ni a ofis. Ofishin ba shi da bango ko ɗaya, ƙofa ce kawai tsaye a tsakiyar fili, amma kowa ta ƙofar yake bi, har da tsuntsaye. A saman ƙofar an rubuta: Sashen Aure da Ƙananan Gobara. Mai kula da sashen wani mugun dawa ne, wato aladen daji mai haure, kuma a durƙushe yake aiki, gwiwa biyu a ƙasa, kamar mai neman gafarar teburinsa.

"Mun zo ɗaura aure," na ce.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ɗaurewa? A nan?"

"To da me ake yi wa aure?"

"Alhaji, nan gandun daji ne. Ba a ɗaure komai. Ko akuya ka shigo da ita sai ka kwance ta."

"To ina auren yake?"

"Yana kiwo a bakin rafi."

Ya rarrafa ya buɗe taga, duk da ba bangon da take jiki, ya nuna mini. Can na hango wata 'yar dabba da ba ta kai ɗan akuya ba, kunnuwanta sun fi jikinta girma, tana tsintar ciyawa, ganye ya motsa ta zabura. Dariya ta ƙwace mini.

"Wannan ne auren? Waɗanda na ɗaura a gari kowanne ya kai bijimin Sallah."

"Suna nan?"

"Biyu suna nan. Ɗaya ya tsinke igiya bara, ana dai kan nema."

"To," in ji shi, ya mayar da tabarau. Ban so wannan "to" ɗin ba.

Na tambaye shi yadda ake yi abin ya zo, tunda an hana igiya. Ya ce abu ne mai sauƙi: waliyyi ya faɗi kalmar bayarwa da bakinsa, dabbar ta ji ta taho. Ba ta amsa saƙo, ba ta amsa aike. Na ce idan kuma waliyyin ya ƙi fa, tunda shi mutum ne mai mutunci da ba ya aurar da 'ya a cikin ciyayi?

"Ba damuwa. Gandu yana da nasa waliyyin. Ai ku kuka kawo shawarar, mun gode."

Ya tafa. Wani gwaggon biri ya shigo ta ƙofa sanye da babbar riga, kuma rigata ce, farar shaddar da na ajiye a ƙasan akwati, da hulata a kansa, da agogona a ƙafarsa. Ya rusuna ya ba ni hannu biyu.

"Baffa, ashe abokan aiki ne. Allah ya sanya alheri."

"Inuwar bishiyar ɗaurin auren na tashi daga aiki," in ji mugun dawa, "in ba ka faɗa ba, shi zai faɗa. Kuma abin da ya bayar ya bayu."

A nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Yarinyar da na goya a kafaɗa, a ce gobe in an tambaya wa ya ba da ita a nuna wannan mai jan ɗuwawu? Amma ban bari sun gani ba. Na ce wa birin ya gyara hular, ba haka ake karya ta ba.

Sai ga mu a gindin wani maɗaci. Bishiyar tana nan amma inuwarta ba ta iso ba, wai ta tsaya kai yara makaranta. Muka tsaya a rana muna jira. Can ta taho tana haki, ta gaishe mu, ta shimfiɗa kanta a ƙasa, ta ce a yi sauri don tana da wata bishiyar da yamma. Abin gwamnati ke nan, ko a mafarki.

Suwaiba tana wurin, cikin atamfa ko guga mai kyau ba ta sha ba, tana ta kai da kawo fuska cike da fara'a kamar wadda aka ba wa kyautar gari. Ta shimfiɗa tabarma ɗaya. Ta ajiye goro da dabino a faranti ɗaya. Faranti ɗaya! Ni da nake rabon goro da kwando har sai hannun yara ya yi ja. Shi kuwa Nafi'u yana can yana roƙon wani raƙumin dawa ya matsar masa da girgije kaɗan zuwa gabas, yana murmushin nan nasa. Liman ya sami wani baƙin dutse ya hau ya zauna yana jan carbi. Dorina ce, amma ba wanda ya ga amfanin faɗa masa. Wata zabuwa tana bin mu a baya da buhu tana tsince sawun ƙafarmu ɗaya bayan ɗaya, don dokar gandu ta hana a bar komai a ƙasa.

"Baffa, ka zo," in ji Suwaiba. "A nan za ka zauna, inda zan riƙa ganin fuskarka."

"Fuskata allon talabijin ce? Ke dubi wurin nan. Ina masu mota za su ajiye mota?"

"Ba masu mota, Baffa."

"Cinnaka fa? Ko su ma an gayyace su?"

"Gidansu ne."

"To wa zai ga an yi? In an gama wa zai ce an yi?"

"Mu."

Na juya wajen Lantana ko za ta taya ni, tunda ita ce take kwana uku tana kuka in aka yi biki ba a yi anko ba. Sai na same ta ta miƙe ƙafa, ta cire takalmi, ta lumshe ido tana cewa iskar wurin nan da daɗi take. Shekara da shekaru kana zaune da mace, ashe iska kawai take jira ta juya maka baya.

Aka zauna. Duk taron bai cika tabarmar ba, har da wurin da gwaggon biri ya raɓa a gefe yana kaɗa hannun rigata. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ana jin ganye yana faɗowa, ana jin cikin liman yana ƙugi. Aka yi addu'a, aka ambaci sadaki. Sannan babban dattijon dangin ango ya gyara zama ya fuskance ni.

"Alhaji Tanimu, muna nema wa ɗanmu Nafi'u auren 'yarku Suwaiba."

Na yi abin da na saba. Na sunkuya wajen kunnen Bawale na yi ɗan gyaran murya. Haka muke yi tun fil azal: in sunkuya, in motsa leɓe a cikin hayaniya, shi kuma ya miƙe ya tsaga sama da "Ya ce ya ba shi!", jama'a su ɗauka, a watsa goro, a ruɗe da musabaha, ni kuma in sulale cikin gida in wanke fuska kafin kowa ya dube ni da kyau. Amfanin taro ke nan, wanda yaran zamani ba su sani ba. A cikin mutum dubu ba wanda yake kallon idon uban amarya.

Bawale ya miƙe, ya cika ƙirji, ya wangale baki. Wata fara guda ɗaya ta fito ta yi tsalle ta shige ciyawa. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya koma ya zauna ya ɗauki dabino.

Dattijon ya sake cewa, "Muna nema wa ɗanmu."

Kowa ni yake kallo. Liman yana kallona, dorina ta buɗe ido ɗaya tana kallona, can bakin rafi 'yar dabbar nan ta ɗaga kunnuwa. Inuwa kuwa ta fara naɗe kanta daga gefe ɗaya, rana ta taɓa ƙafar Nafi'u.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Wannan goron ma daushe ne." Maganar tana faɗuwa ƙasa ta zama kujerar roba. Zabuwa ta zo ta ja ta ta cusa a buhu. Na sake buɗe baki na ce a garinmu ko sunan jariri ya fi wannan armashi. Wata kujerar ta faɗo. Na ce ango bai iya zama ba, na ce bishiyar ta karkace, na ce duk wanda ya ƙirƙiro gandun daji bai da aikin yi. Kujeru suka yi ta zubowa daga bakina, zabuwa tana kwashewa tana tsaki. Kalmar da ake jira tana nan, ina jin ta a ƙasan maƙogwaro, 'yar ƙarama da ita, amma ta fi duk kujerun nauyi.

Inuwa ta naɗe rabi. Gwaggon biri ya duba agogon ƙafarsa, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya irin tawa sak.

"Baffa," in ji Suwaiba a hankali. Ba ta sunkuyar da kai ba kamar yadda amare suke yi. "Ranar auren su Yaya ina cikin gida ina kasa kunne. Duk muryar Bawale na ji, ban taɓa jin taka ba. Ni ba taro nake so ya ba da ni ba. Kai ka rene ni."

"To shi ne sai a daji?"

"A gari ba zan ji ka ba."

Abin da ya rage mini shi ne gaskiyar da ba na so: ba dajin nake ƙi ba. Da a filin Idi ne, da a fadar wani ne, da duk ɗaya ne. Ba na son in bayar da ita, kuma ba na son ta ga hakan a fuskata.

Inuwa ta rage kamar faɗin sallaya, daidai inda nake zaune. Biri ya miƙe, ya ɗaga hannu, ya ce, "Ni, a madadin hukumar gandu, na b..."

"Zauna, ɗan banza, da rigar mutane!" na ce. Wannan ba ta zama kujera ba.

Na juya wajen dattijon, amma Suwaiba ce a gabana, ba inda zan kai idona. Muryata ta fito siririya, tana rawa, irin ta tsohon da ya kwana da zazzaɓi. Da Bawale yana da tasa da ya ji mini kunya.

"Ni na rene ta," na ce. "Ba ta taɓa saɓa mini ba sai jiya. Na ba shi."

Hawaye suka zubo mini a gaban kowa, ba taron da zan shige ciki, ba ɗakin da zan gudu. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya yi shela. Sai wani ɗan motsi na ji a bayana, shar, shar, shar, na ce a raina 'yar dabbar nan ce take tahowa ta cikin busasshiyar ciyawa. Shar, shar, yana matsowa.

Na buɗe ido. Gari ya waye, matashin kaina ya jiƙe, kuma ƙarar tsintsiya ce. Suwaiba ce take share ƙofar ɗakina, kamar yadda take yi kowace safiya tun tsintsiyar ta fi ta tsawo. Ban taɓa tsayawa na saurara ba sai yau. Na kwanta shiru, ko tari ban yi ba, ina jin yadda take bin gindin bango, tana ɗaga butata tana sharewa tana mayarwa. Nan ba da jimawa ba wannan ƙarar a wani gida za a riƙa jin ta.

"Baffa, ka tashi?" in ji ta daga bayan labule. "Ina kwana."

Na goge fuska da gefen mayafi, na nemo muryata ta kullum.

"Ke. Wannan dajin naku na banza, wane irin takalmi ake sawa a cikinsa?"

Tsintsiyar ta tsaya.

"Mai rufi, Baffa," ta ce.

Sannan ta ci gaba da shara, tana maimaita wurin da ta riga ta share.